Kamfanin da Ya Raba Injiniyoyi da Jiran Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu Sallah ya san yadda ake ƙarewa. Tela zai ɗauko tef ya auna kafaɗa da hannu da tsawon riga, ya rubuta a wani tsohon littafi, ya ce a dawo ranar Laraba. Laraba ta zo, shaddarka na nan a ninke yadda ka kawo ta. "Alhaji a yi haƙuri, jibi in sha Allahu." Sau da yawa ba mugunta ba ce. Kowace riga da nata awon, kowane mai kaya da irin wuyan da yake so, hannu kuwa biyu ne kacal.

Irin wannan jiran ne masana'antun Jamus suke fama da shi kafin 1961, sai dai su ba riga suke jira ba, akwatin ƙarfe ne. Kowane babban inji, na niƙa ne ko na saƙa ko na haɗa mota, yana da akwatin da ake tara kayan sarrafa shi a ciki: makunnai, fiyus, birekoki da tarin wayoyi. Masu aikin lantarki a wajenmu fanel suke ce masa. A wancan zamani injiniya ne zai zana nasa akwatin, ya kai wa maƙeri, a yanka ƙarfe, a lanƙwasa, a yi walda, a shafa fenti, a jira ya bushe. Sai ka ga an gama haɗa inji mai tsadar gaske yana zaune makonni, don kawai akwatinsa bai fito ba.

Wani mutum mai suna Rudolf Loh ne ya ga cewa jiran nan ba dole ba ne. Ranar 1 ga Afrilu 1961 ya buɗe ƙaramin kamfaninsa a ƙauyen Rittershausen da ke jihar Hesse, a cikin ginin wata tsohuwar masaƙa. Abin da ya fara da shi bai taka kara ya karya ba: akwati iri huɗu, kowanne da tsayayyen awo, ana buga su da yawa a jere a ajiye. Mai bukata ya zo ya ɗauka yau, ya fara ɗaura waya gobe. Wato ya buɗe kantin ɗinkakkun kaya a garin da kowa ya saba da zuwa wurin tela.

A nan ne dabarar take, kuma a ganina ta fi ƙarfin a kira ta kasuwanci kawai. Mai sayen ɗinkakkiyar riga yakan haƙura da ɗan tsawon hannu ko faɗin wuya. Injiniya kuwa ba haƙuri ya yi ba, riba ya ci. Tunda ya san faɗi da tsawo da zurfin akwatin tun kafin ya ɗora biro a takarda, sai ya tsara kayan cikinsa su dace da shi. Idan ƙofa ta lotse bayan shekara biyar, akwai irinta a ajiye. Idan masana'anta ta buɗe reshe a wata ƙasa, ma'aikacin can zai buɗe akwati ya tarar da abin da ya saba gani. Loh bai ƙirƙiro wani sabon inji ba. Awo ya tsayar, ya kuma tsaya a kansa har kasuwa ta biyo shi.

A 1969 kamfanin ya koma amsa sunan Rittal. Ɗan Rudolf, Friedhelm Loh, ya karɓi ragamar a 1974, lokacin ma'aikata ba su wuce wajen 200 ba, kuma a hannunsa ne abin ya bunƙasa. Hedikwatar tana garin Herborn, masana'antu kuma suka bazu har Amurka da Indiya da Sin.

Yadda girman ya zo shi ne abin lura. Wanda ya sayi riga zai nemi wando da hula, kuma ya fi so ya same su a shago ɗaya. Kayan lantarki suna fitar da zafi, rufaffen akwati kuma yana riƙe shi, don haka kamfanin ya shiga ƙera fanka da na'urar sanyaya akwati. Masu wannan sana'a sukan ce duk ƙarin zafi na digiri goma yana cin kusan rabin rayuwar kayan laturoni. Daga nan sai sandunan tagulla masu rarraba wuta, sai marikai da makullai. A 1999 aka fito da samfurin TS 8, dogayen akwatuna da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa a ɗaure su zama layi guda, aka sayar da miliyoyinsu. VX25 ya gaje shi a 2018, inda ramukan jikin firam ɗin suke bin tazarar milimita 25 ta kowace fuska. Da zamanin intanet ya kankama, sai ga shi manyan kwamfutocin ajiyar bayanai ma akwati suke bukata, da sanyi, da wuta. Kasuwa ta biyu ta buɗe ba tare da an sauya sana'a ba.

Kada a ɗauka tela ya mutu. Rittal fanko yake sayarwa. Akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni da aikinsu shi ne cika shi daidai da bukatar kowane inji, kuma babu fanel biyu da cikinsu yake zama ɗaya sak. Abin da ya canja shi ne littafin awon. Rukunin kamfanonin Loh ya mallaki Eplan, manhajar da ake zana tsarin wayoyi da ita a kwamfuta, zanen kuma ya wuce kai tsaye zuwa injin da zai huda ramuka ya yanka wayoyi daidai tsawonsu. Masana'antarsu ta Haiger, wadda aka zuba wa Yuro miliyan 250, an gina ta ne don ta riƙa fitar da ƙananan akwatuna wajen 8,000 a rana. Rukunin yana da ma'aikata kimanin 12,000, kuma har yau na iyali ne.

Mu ma abin ya shafe mu, domin duk masana'antar da ke Sharada ko Bompai ko Challawa, da duk babban famfon tura ruwa, da irin wannan akwati mai ruwan toka yake aiki, ko na wane kamfani ne. Buɗe ƙofar mai kyau ka duba gefenta: za ka ga siririyar roba mai laushi ta zagaye ta ba tare da mahaɗa ba. Ita ce ke tare ƙurar hunturu, wadda in ta kwanta a kan kayan wuta ta sha raɓa, sai tartsatsi. Akwatin da mai walda ya haɗa a bakin titi yakan yi ƙarfi, wani lokaci har ya fi na waje kauri, amma robar nan ce yawanci babu.

Saboda haka in za ka sayi fanel, ko na injin niƙan shinkafa ne ko na rijiyar burtsatse, nemi lambar da ke bayan haruffan IP a jikinsa. Lamba ta farko ta ƙura ce, tana tsayawa a 6. Ta biyu ta ruwa ce. Wanda zai zauna a waje ko inda gari ke tashi, kada ka karɓi ƙasa da IP55.