Fitilar ribas ta daina kamawa? Duba makunnin da ke jikin akwatin giya

Direbobi da yawa ba sa tunawa da farar fitilar bayan mota sai ranar da jami'an hanya suka tsayar da su, ko aka mayar da motar daga wurin binciken lafiyar motoci. Alhali wannan fitila ce ke sanar da mai tafiya a ƙasa, da yaron da ke wasa a bayan mota, cewa direba zai ja baya. A unguwar da babu wutar titi kuma, da ita direba ke hango rami ko mutum.

A motoci masu giyar hannu, irin tsofaffin da ake shigowa da su ta Kwatano ko Duwala, wani ɗan makunni ne da aka murɗa a jikin akwatin giya ke kunna fitilar. Makanikai masu aiki da Faransanci suna kiransa contacteur de marche arrière. A bakinsa na ciki akwai ɗan ƙarfe ko ƙwallo mai sifirin. Idan aka sa ribas, sandar giya takan danna shi, wayoyi biyu su haɗu, wutar batir ta isa ga ƙwan fitila. A wasu motocin, kyamarar baya da na'urar da ke yin ƙara idan an kusanci abu duk da shi suke aiki.

Kafin a ɗora wa makunnin laifi, a fara duba ƙwan fitila da fiyus. Idan lafiyarsu ƙalau, a ja birkin hannu, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a zare soket ɗin makunnin, a haɗa bakinsa biyu da guntuwar waya. Idan fitila ta kama, makunnin ne ya mutu. Idan ba ta kama ba, a bi waya, wataƙila ta tsinke ko tsatsa ta ci ta.

Canza shi aiki ne na sufana, amma da sharuɗɗa. Yawancin akwatunan giya na alminiyam ne, don haka matsewa da ƙarfi na iya lalata ramin. A mayar da woshar da ta dace, domin kaurinta na shafar yadda sanda ke taɓa makunnin. Idan man giya ya zubo wajen cirewa, a cika shi.

Babbar matsala ita ce idan makunnin ya karye. In gindinsa ne ya maƙale a rami, akwai ƙarfen zaro karyayyen noti, a shafa masa giris don ya riƙe ɓurɓushi. In kuwa ƙwallon ko sifirin ya faɗa ciki, to kada a tayar da mota, kada ma a tura ta. Guntun ƙarfe ɗaya tsakanin haƙoran giya ya isa ya karya su. A zubar da man giya a faranti mai tsabta, a tace shi, sannan a lalubo ta ramin da maganaɗisu mai dogon hannu. Sai dai maganaɗisu ba ya kama tagulla ko roba. A jera gutsattsarin kusa da sabon makunni don a tabbatar babu wanda ya rage. Idan akwai, sai an buɗe akwatin.

Wasu kan ce a bar shi, zai kwanta a ƙasan mai. Yana iya kwanciya, yana kuma iya tashi a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, inda babu gareji kusa. Kuɗin buɗe akwati yau bai kai na sayen wani gobe ba. Wanda kuma ya ja waya ya sa makunnin hannu a gaban mota, ya sani mafita ce ta wucin gadi: ranar da ya manta shi a kunne, farin haske zai riƙa ruɗa direban da ke biye da shi.