Raddi Ga Masu Cewa Horon Kare Ba Ya Buƙatar Rubutu

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin 'yan farauta da masu karnukan gadi a Sakkwato, a Gidan Dahala da sauran unguwanni, idan aka ba su shawarar su riƙa rubuta yadda horon karensu yake tafiya. Sai dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mi ag gamin kare da littahi? Ni na san karena." A ganinsu wannan sabon salo ne na 'yan boko, tunda kakanni sun yi farauta ba su riƙe alƙalami ba.

Ban raina wannan magana ba. Wanda ya tsufa yana shiga daji duk hunturu, wanda yake bambance haushin karensa idan ya tayar da zomo da haushinsa idan ya yi arba da maciji, yana da sanin da babu takardar da za ta ɗauke shi. Amma Baba, a yi mini haƙuri, zuciya tana da son kai. Ranar da kare ya kamo gada ba a mantawa da ita, za a yi ta ba da labarinta a majalisa. Ranakun da aka yi masa fito ya yi kunnen uwar shegu kuwa, su kan bi iska. Shi ya sa kusan kowane mai kare yake rantsuwa nasa ya horu.

A duba abin da layi uku za su iya ɗauka. "Laraba, bayan la'asar, a ƙofar gida. An kira shi sau 10, ya zo sau 6. Da akuya ta gifta ya bi ta." Shi ke nan. Bayan mako biyu, mai karen zai buɗe shafukan ya ga abin da idonsa bai kama ba: ashe karen yana ƙin amsawa ne idan an hore shi bayan ya ƙoshi, ko da tsakar rana lokacin da zafin Sakkwato ya sa yake lallage harshe, ko kuma ranar da ƙanen mai gida ya karɓi igiyar, domin shi da "zo" yake kira, yayansa kuwa da fito. Karen da ake shirin zane shi da tsumagiya a kan taurin kai, sai a tarar mutanen gida ne suka rikita shi. A da mutum ɗaya ne da karensa. Yau samari suna karɓa-karɓa, ana saye ana sayarwa, kuma mai saye ba shi da hujja sai bakin mai sayarwa.

Masu cewa abin baƙo ne su dubi fiƙihu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim kuma ya fayyace sharuɗɗan. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun ce horarren kare shi ne wanda idan an tura shi zai tafi, idan an tsawata masa zai tsaya. Abu Yusuf da Muhammad, almajiran Imam Abu Hanifa, har adadi suka sa: sai ya kama sau uku bai ci ba. Ashe malamai sun daɗe da cewa horo abu ne da ake gwadawa, a maimaita, a lissafa, domin halaccin naman da za a kai wa iyali ya rataya a kansa. Littafin yana taimaka wa mafarauci ne ya yi wa kansa adalci a wannan lissafi. Kuma ƙasar Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello ba inda za a ce rubutu baƙo ba ne. Wanda bai yi boko ba, ajami ya wadatar.

A wasu ƙasashe takardar horo har kotu take zuwa. A 2013 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan wani karen 'yan sanda mai suna Aldo, mai sansano miyagun ƙwayoyi a jihar Fulorida, ta ce bayanan horonsa da gwajinsa sun isa hujjar a amince da hancinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Idan kare ya ciji yaron maƙwabci, bayan an wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti, za a tambayi mai karen yaushe aka yi masa allura. "Ina jin bara ne" ba amsa ba ce ga uwar da ɗanta ke kuka. Ana kuma lura da karen na kwana 10, kuma wanda ya saba rubuta halin karensa shi zai fi saurin gane ya canza.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana samar da allurar rigakafin, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ina roƙon shugabannin mafarauta da iyayenmu masu karnuka, kafin a fita farautar bana, kowa ya sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya kai karensa a yi masa allura, ya rubuta ranar a shafin farko.