Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Duwatsun Ƙasar Keffi Na Jiran Masu Hawa

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, ko wanenmu ya san yadda tafiyar gida ta ke in Salla ta ƙarato. Mota ta tashi daga Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ta kwana tana gudu. Da an haye gadar Kwara, an baro Lakwaja a baya, sai itatuwa su fara gajarta, duwatsu su fara ɗago kai. Wanda kuwa ya taso daga Anacha ko Inugu, ya biyo ta Makurɗi da Lafiya, kafin ya isa Akwanga zai ga duwatsun Eggon sun tsaya masa a gaba kamar bango.

A nan ne yaron da aka haifa a Ikko ya kan manna fuska ga gilashin mota, ya tambayi ubansa sunan wancan dutse, da ko akwai mutane a kansa. Sau da yawa uban ba shi da amsa. Shekara ashirin yana wucewa ta gindin dutsen nan, bai taɓa sa ƙafa a kansa ba. Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan magana ke nan a yau, za mu kuwa ɗora ta a kan ƙasar Keffi da Panda cikin Jihar Nasarawa, domin tana kan hanyar da yawanmu.

YADDA TURAWA SU KA YI DA NASU

Bari mu fara leƙawa Turai. Akwai wani jerin tsaunuka da a ke kira Alps, wanda ya ratsa ƙasashe 8, cikinsu har da Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya da Jamus. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, watau Farin Dutse, saboda ƙanƙarar da ba ta barin kansa rani da damina. Tsayinsa ya ɗara mita 4,800 kaɗan. A shekarar 1786 ne waɗansu mutum biyu, Jacques Balmat da wani likita Michel Paccard, su ka fara isa ƙololuwarsa.

Amma ba ƙololuwa ce ta fi jan jama'a ba. Akwai wata turba da ta kewaye dutsen, tsawonta kamar kilomita 170, ta bi ta Faransa da Italiya da Suwizalan. Mai tafiya a natse ya kan gama ta cikin kwana 10 ko 11. Yawancin turbar nan asalinta hanyar makiyaya ce da fatake, irin wadda mu ke da ita ko'ina. Abin da su ka ƙara mata kaɗan ne: alama a jikin dutse, allo a mararraba, da masauki inda baƙo zai ci ya kwana.

A Suwizalan kaɗai akwai turbobin ƙafa masu alama fiye da kilomita 65,000. Allo mai ruwan ɗorawa yana nuna hanya mai sauƙi. Fari da ja da fari a jikin dutse yana nufin hanyar tsauni, wadda ke son takalmi mai ƙarfi. Fari da shuɗi da fari kuwa na gwanaye ne kawai. Allunan sun fi gaya wa mutum awa nawa zai yi kafin ya kai, maimakon nisan wurin. Tun 1985 su ke da dokar ƙasa a kan kula da waɗannan turbobi. Ƙauyukan da ada samarinsu ke gudu zuwa birane saboda talauci, yau da yawansu da baƙin turba su ke ci.

TURBOBIN KAKANNI

To, mu ba mu da ƙanƙara, duwatsunmu kuma ba su kai nasu tsawo ba. Amma turba kam muna da ita, kuma ba don shaƙatawa aka yi ta ba. A ƙarni na 19, zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, al'ummomi da yawa na tsakiyar Nijeriya kan duwatsu su ka koma. Can su ka gina ɗakuna da rumbuna, su ka jera duwatsu hawa-hawa a jikin gangare don ruwa kada ya wanke ƙasar noma. Ko wace turba an zaɓe ta da hikima: ta bi ta bakin ruwa, ta ratsa matsatsin da mutum ɗaya zai iya tsarewa, ta kauce wa inda a ke hango mai tafiya daga ƙasa.

Wanda ke shakkar darajar irin wannan aiki ya dubi Sukur cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Turbobinta da aka daɓe da duwatsu, da gonakinta na hawa-hawa, da fadar sarkinta, su su ka sa hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ita ce ta farko a Nijeriya da ta sami wannan matsayi.

Ku da ke Kurmi ma kun ga misali da idonku. Dutsen Olumo na Abekuta mafakar Egbawa ce a zamanin yaƙi, yau kuwa da tikiti a ke hawansa. A Idanre ta Jihar Ondo matakala fiye da 600 a ke takawa don a ga tsohon garin da ke bisa. Yarbawa sun riƙe nasu. Mu fa?

DAGA KEFFI ZUWA PANDA

Keffi tana kamar kilomita 50 gabas da Abuja. Abdu Zanga ne ya kafa ta wajen shekarar 1800, ta kuma zauna a ƙarƙashin Zazzau. Mai son koyon hawa ya fara da dutsen da ke cikin garin, wanda ke ɗauke da sunan Kyaftin Maloney. Ba shi da wahala, yaro da tsoho duk za su iya, daga bisa kuma a kan ga garin a shimfiɗe.

Labarinsa ya fi tsayinsa. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wannan Baturen mulki, ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan na cikin dalilan da Lugga ya kafa ya tura runduna ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Uban da ya zaunar da ɗansa a kan dutsen nan ya ba shi wannan labari, ya koya masa abin da zai daɗe bai manta ba.

Daga Keffi sai a ɗauki hanyar Gitata, daga can a shiga Panda, cikin Ƙaramar Hukumar Karu. Panda ita ce mazaunin sarkin Nyankpa, waɗanda Hausawa su ka fi sani da Yeskwa. Ƙasa ce ta noma, mai tuddai da fadamu da ƙoramu, tana ta hauhawa sannu-sannu har ta haɗu da Kudancin Kaduna. A nan ba za ka tarar da allo ko mai sayar da tikiti ba. Turbobin na manoma ne da mafarauta da makiyaya da mata masu itace, taswirarsu kuwa tana cikin kawunan mutanen wurin. Saboda haka farkon hawa a ƙasar Panda shi ne gaisuwa a ƙofar mai gari.

Wanda ya ƙara gaba ta arewa zai faɗa ƙasar Jaba, inda ƙauyen Nok ya ke. A can ne ma'aikatan haƙar kuza su ka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, irin waɗanda aka gane daga baya sun shekara fiye da 2,000. Gaba kuma ga dutsen Kagoro, inda a ke bikin Afan ran 1 ga Janairu ko wace shekara.

EGGON DA FARIN RUWA

In ƙafa ta saba, sai a nufi gabas. Tsakanin Akwanga da Lafiya ga duwatsun Eggon, waɗanda mutanen Eggon su ka zauna a kansu tun kaka da kakanni kafin yawancinsu su sauko fili a zamanin Turawa da bayansa. Hawan yana da tsayi, a kan haɗa gumi, amma mai hawa zai ga yadda aka yi noma a inda baƙo zai rantse ko akuya ba ta tsayawa.

Daga Akwanga kuma hanya ta tafi Wamba, ƙasar Farin Ruwa. Ruwan ya taso daga tudun Filato, ya zubo daga tsayin da ya kai kamar mita 150. Saboda kumfa da feshi, daga nesa sai ka ce an shanya farin alawayyo a jikin dutse, abin da ya ba shi sunansa ke nan. Mota ba ta kai mutum gindinsa, ƙarshen tafiyar da ƙafa a ke yi cikin kurmi. Ya fi cika da damina, amma a lokacin ne hanya ta fi ɓaci, dutse kuma ya fi santsi. Da kaka, ruwa bai janye ba, ƙasa kuma ta fara tsanewa, shi ne daidai.

Samari masu jini a jika suna da sauran aiki. Duwatsun Shere da ke gabas da Jos sun kai mita 1,829, a nan ne kuma makarantar horar da matasa ta Man O' War ta ke koyar da hawan dutse. Uban duka shi ne Chappal Waddi, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru. Tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a Nijeriya. Wannan tafiyar kwanaki ce, da izinin ma'aikatan gandu da rakiyarsu. A tafi da bargo, domin ko wane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kamar digiri 6.

KAFIN KA ƊAURA TAKALMI

Dutse ba ya son gaggawa, ba ya kuma son girman kai. Abu na farko, a tambayi halin tsaro. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa cikin 'yan shekarun nan masu satar mutane sun mai da waɗansu dazuzzuka da duwatsu maɓoya. Mai unguwa da 'yan banga da mafarauta sun san inda a ke zuwa da inda ba a zuwa. In sun ce a'a, to a'a ɗin ke nan, ko da daga Fatakwal ka taso.

Na biyu, a ɗauki ja-gora ɗan gari, a kuma biya shi haƙƙinsa tun ba a tashi ba. Shi ya san ramin kububuwa, ya san ƙoramar da ke cika farat ɗaya, ya kuma san wuraren da mutanen gari ke girmamawa, waɗanda baƙo ba ya shiga ko ɗaukar hoto sai da izini.

Na uku, a yi lissafin lokaci. Wani mahayin dutse na ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892 wadda har yau a ke aiki da ita: awa ɗaya ga ko wane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga ko wane hawan mita 600. Watau tafiyar kilomita 5 mai hawan mita 300 awa ɗaya da rabi ce ga ƙaƙƙarfan mutum. In da yara, ko kuwa zaman shago ya sa maka teɓa, ninka lissafin. A tashi da asuba, a sauko kafin la'asar.

Na huɗu, guzuri. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ba silifa ba. Sanda, hula, ruwan sha isasshe, da abin taɓawa kamar ƙuli-ƙuli ko dabino. Kada a tura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse. In hadari ya haɗu, a bar kan dutse nan da nan saboda tsawa. A sani kuma saukowa ta fi hawa kayar da mutum, don a lokacin ne gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida. Leda da robar ruwa, yadda aka hau da su haka za a sauko da su.

ABIN DA KE SHIRIN SUƁUCEWA

Turba ƙafa ce ke raya ta. In aka yi damina uku ba a bi ta ba, ciyawa ta cinye ta. Tsofaffin da su ka san sunan ko wane kogo da ko wace rijiya a kan duwatsun nan suna ta ƙarewa, jikokinsu kuwa suna kan babur a Mararraba da Masaka, ko suna tare da mu a nan Kurmi. Ga kuma masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, waɗanda aikinsu ke ƙaruwa tun da gine-ginen Abuja su ka bunƙasa. Dutsen da aka mai da shi tsakuwa ba ya komowa.

Ba sai mun jira gwamnati ba. Kusan ko wane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'ya'yansa a Ikko ko Badun ko Anacha, masu tara kuɗi don gyaran masallaci ko coci, ko rufin makaranta. Gwangwanin fenti biyu, da allo uku, da ɗan alawus ga samari biyu da za su bi dattijo su rubuta sunayen wurare, ba su kai kuɗin ragon Salla guda ba. In turba ta sami alama, baƙi daga Abuja za su zo, mai abinci ta sami ciniki, ɗan acaɓa ya samu, ja-gora ya samu.

Saboda haka in Allah ya kai mu hutu na gaba, a ware yini ɗaya daga cikin kwanakin gaishe-gaishe. A kama hannun yaron nan mai tambaya, a je ƙofar mai gari, a nemi wanda ya san hanya. Hausawa dai sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu lafiya.