Abin da Minjibir za ta koya daga Dandaji

A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 a haraba ɗaya, aka kammala a 2018. Irin wannan tsari ya dace da Minjibir, inda gonaki suka matse gidaje, fili ya yi wuya: haraba guda ta ɗauki salla, karatu da taron unguwa. Wani zai ce damina na cinye ginin ƙasa. Haka ne, in an bar tubalin hannu ba yaɓe. Na Dandaji kuwa da inji aka matse shi, ya fi jure ruwa, ga sanyin ɗaki da bazara ko babu wuta.