Lissafin da likita ke yi kafin ya taɓa zuciya

A ranar 16 ga Satumba, 1977, a wani asibiti da ke birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wani mutum mai shekara 38 ya kwanta a gadon aiki idonsa biyu. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ta kusa toshewa. Likita Andreas Grüntzig ya zura siririn bututu ta jijiyar cinyarsa har ya isa wurin toshewar, ya hura ɗan balan-balan da ke bakin bututun, sai hanya ta buɗe. Kafin wannan rana ba a taɓa buɗe jijiyar zuciya ta wannan hanya, mutum yana farke, ba tare da an tsaga ƙirjinsa ba. Da aka sake duba shi a shekarar 2000, wurin yana nan a buɗe.

Yau ana yin wannan aiki kullum a faɗin duniya. To amma sai ku ga mutum biyu an yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya ya ƙara shekara ashirin, ɗaya kuwa bai kai baɗi ba. Me ke kawo bambancin? Abubuwa biyu ne kan gaba: ƙarfin da ya rage wa zuciya, da shekarun mai ita.

Zuciyar ma tana cin abinci

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan kana zaune. Mai irin wannan aiki dole ya ci. Abincinta na zuwa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta ta waje. Idan kitse ya taru a cikinsu, hanya ta ƙuntata. Idan ta toshe gaba ɗaya, ɓangaren tsokar da ya dogara da ita zai fara mutuwa. Tsokar da ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama, tabo kuwa ba ya matsa jini.

Hanyoyin gyara biyu ne. Ko dai a buɗe jijiyar da balan-balan a bar 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ta sake rufewa, dabarar da aka fara a 1986, ko kuma a yi tiyatar ratse: a ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya ta tsallake toshewar. Likita René Favaloro ɗan Ajantina ne ya shahara da wannan tiyata tun 1967, lokacin yana aiki a Cleveland ta Amurka.

Sai dai duk wannan gyaran bututu ne. Wanda ya taɓa zuwa fadama ya sani, idan injin ban-ruwa ya gaji, sabon tiyo kaɗai ba zai cika kwami ba.

Kashi nawa take turawa?

Ɗakuna huɗu ne a cikin zuciya. Na ƙasa ta hagu shi ne mai tura jini zuwa ga dukkan jiki. A babban mutum mai lafiya, yakan cika da jini kimanin mililita 120, ya tura kimanin 70 a kowane bugu. Ku raba 70 da 120, za ku sami kusan kashi 58 cikin 100. Wannan adadi shi ne ma'aunin ƙarfin turawa, kuma ana gano shi da na'urar hoto mai amfani da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Daga kashi 55 zuwa 70 lafiya lau ne. Idan ya sauka ƙasa da 40, zuciya ta yi rauni.

A 2009, wani likita a Italiya mai suna Marco Ranucci da abokan aikinsa suka fito da lissafin hatsarin tiyatar zuciya wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya yi. A raba shekarun majiyyaci da ƙarfin turawar zuciyarsa, sannan a ƙara 1 idan gwaji ya nuna ƙodarsa ta yi rauni sosai. Ku gwada. Mai shekara 48 da ƙarfin turawa 60 zai sami 0.8. Mai shekara 75 da ƙarfin turawa 30 zai sami 2.5. Idan ƙodarsa ma ta gaza, ya koma 3.5. Iya girman amsa, iya girman hatsari.

Shekaru na shiga lissafin ne saboda jijiyoyin tsoho sun yi tauri, huhunsa da ƙodarsa ba kamar dā ba, sau da yawa kuma ga hawan jini ko ciwon sukari. Amma tsufa kaɗai ba ya hana aiki. Ana yi wa waɗanda suka haura 80, su tashi.

Mai raunin zuciya fa, a ƙyale shi?

A'a. Wani babban bincike mai suna STICH ya bi majiyyata 1,212 a ƙasashe 22, dukkansu ƙarfin turawarsu bai wuce kashi 35 ba. An ba wasu magani kawai, wasu kuma magani da tiyatar ratse. A kwanakin farko bayan aiki, waɗanda aka yi wa tiyata sun fi mutuwa. Amma da aka fitar da sakamakon kusan shekara goma a 2016, kashi 59 cikin 100 nasu ne suka rasu, alhali a ɓangaren masu magani kawai kashi 66 ne. Masu ƙarancin shekaru a cikinsu sun fi cin ribar tiyatar.

Ku lura da abu biyu a nan. Tiyata ta ƙara wa mutane kwana. Duk da haka, fiye da rabi sun rasu a kowane ɓangare, domin zuciyar ta riga ta raunana kafin a zo gyara.

Naku aikin

Kada ku ce wannan zancen tsofaffi ne. A 1953, likitoci sun binciki gawarwakin sojojin Amurka 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22. Fiye da kashi uku cikin huɗu an ga kitse ya fara taruwa a jijiyoyin zuciyarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sigari da shisha na ɓata bangon jijiya tun daga zuƙar farko-farko. Ƙwallo, keke da tafiyar ƙasa kuwa gata ne ga zuciya. Ku riƙa tuna wa Baba da Inna su auna hawan jini, su kuma sha maganin da aka rubuta musu ko da suna jin garau.

Idan wani babba a gida ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, kada a tsaya shafa man zafi, kada a ce sai gari ya waye. A nufi asibiti nan take. Duk mintin da ya wuce jijiya na toshe, tsoka ce ke mutuwa, kuma ita ce za ta yanke ƙarfin da zai rage masa har ƙarshen rayuwa.

A lissafin Ranucci, adadin sama yana ƙaruwa da ɗaya kowace shekara, ba mai iya tsayar da shi. Na ƙasan ne muke da abin yi a kansa, kuma tun daga shekarunku ake fara tattalinsa.