Igiyar da ke Naɗe Farfelar Jirgin Ruwa

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. A kudancinsa akwai Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, magudanan ruwa na unguwanni sukan kwaso leda da tsofaffin buhuna da guntayen igiya su zuba a kogi. Ruwa ya ja su har tafkin Shiroro a Jihar Neja, inda aka buɗe madatsar ruwa a 1990. A can jirage masu inji ke kai mutane da kaya kasuwar Zumba. Wannan shara, da yagaggiyar komar masunta, su ne abokan gābar injin jirgi.

Farfela ita ce fankar da ke juyawa cikin ruwa tana tura jirgi. Tana zaune ne a kan wata sandar ƙarfe. In babbar igiya ta naɗe ta, inji yakan yi gurnani ya mutu nan take. Jirgi cike da mutane, a tsakiyar ruwa mai gudu, ba inji: wannan ba wasa ba ne.

Don haka a wasu manyan jirage, masu inji a cikin cikinsu, akan ɗaura wata wuƙa a kan sandar, dab da farfela. Wata kamar faifai take, mai kaifin baki. Wata kuma aikin almakashi take yi: baki ɗaya na juyawa, ɗaya a tsaye, igiya na shiga tsakani su datse ta. Ita ma wuƙar tana son kulawa. Duk sa'ad da aka fitar da jirgi tudu, a duba ko notinta ya saki, ko bakinta ya dakushe ko ya ɓalgace. A girgiza ta a hankali. In tana rawa, sai a kira makaniki. A sa safar hannu, don yankanta ba ya wasa.

Amma yawancin jiragen ƙasarmu injin rataye gare su, wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Galibinsu ba su da wannan wuƙa. Idon mai jirgi ne wuƙarsa.

Kuma abin da ya fi ɓarna ba babbar igiya ba ce, domin ita ana ganinta. Siririn zaren roba ne na ƙugiya ko na koma. Yakan lallaɓa ya shige bayan farfela, ya naɗe sanda, inji kuwa yana ta aiki kamar ba komai. A hankali zaren ya ci robar da ke tare man giya. Mai ya tsiyaye, ruwa ya shiga. Rana ɗaya giya ta kakkarye, kuɗin gyara ya cinye ribar wata da watanni.

Ga yadda ake dubawa. A kashe inji, a cire hular fulogi don kada ya tashi. A ɗaga shi sama. A zare ƙusar da ke riƙe noti. A tokare farfela da guntun katako, sannan a kwance noti. A jera washa-washa bisa tsarin da suka fito, don kada a rikice wajen mayarwa. A cire farfela, a yanke zaren duka, amma kada tsinin wuƙa ya taɓa robar. A shafa giris a sanda, a mayar da komai. Ƙusa in ta lanƙwashe, a sa sabuwa.

Daga nan a ɗan sassauta notin ƙasa na man giya, a ga launin man. In ya yi fari kamar an dama madara, ruwa ya shiga. Kada a ɗauki fasinja sai an sauya robar da man.

Mai jigila kullum ya yi wannan duba sau ɗaya a mako, da kuma duk ranar da ya ji inji yana karkarwa. Ya riƙa tafiya da sifana da wuƙa da ƙusa ta ajiya a cikin gwangwani, filafili biyu kuma a ƙasan benci.