Alƙawarin Magani Kyauta da Lissafin da Ba a Yi a Kan Mumbari

Daga gidan gwamnatin Kano zuwa Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda kowa ya fi sani da Asibitin Nassarawa, tafiyar 'yan mintoci ce. Amma abin da ake faɗa a ɗaya ya sha bamban da abin da majinyaci ke tararwa a ɗayan. A bakin 'yan siyasa, gyaran harkar lafiya bai wuce abu biyu ba: an gina, kuma kyauta ne. A tagar biyan kuɗi kuwa, tambayar ita ce wa zai biya awo da magani da aiki. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita, kuma wannan adadi ne kalaman siyasa suka fi gudu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gini yana da allon da ake rubuta suna, yana da ranar yanke ƙyalle. Asibitin Giginyu, da aka soma zamanin Malam Ibrahim Shekarau, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta kammala shi, Shugaba Buhari ya buɗe shi a 2017, aka kuma sa masa sunan Buhari. Asibitin yara na Hasiya Bayero ya zama makamin yaƙin neman zaɓe, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta gyara shi ta sake buɗe shi a 2023. Irin waɗannan ne sojojin baka ke tauna wa jama'a kowane dare a rediyo, domin a minti biyu ana iya cewa wane ya gina, wane ya sayar. Bayanin yadda za a cire wani abu daga albashi duk wata a tara a asusu ɗaya ba ya jawo tafi, ba kuma wanda ya taɓa cin zaɓe da shi.

Alhali gyaran gaske a can yake. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, a 2016, sannan dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Duk waɗannan suna buƙatar shugaba ya dubi mutane ya ce ku kawo. Wanda ya shekara ashirin yana jin cewa haihuwa da jinyar yara kyauta ne, in aka ce ya kawo, zargin farko da zai zo masa shi ne an ci rabonsa. Ma'aikaci ma da ya ga 'yan fansho na bin bashin garatuti na biliyoyin naira yana da hujjar ɗari-ɗari da duk wani sabon yanka a albashinsa.

Za a ce talakan da bai da na cefane ba shi da na taimakekeniya, don haka kiran kyauta adalci ne. Akwai gaskiya a nan, kuma dokar 2022 kanta ta tanadi asusun biya wa marasa galihu. Sai dai kyautar da ba a faɗi mai biyanta ba takan ƙare ne a takardar da likita zai miƙa a je kemis a sayo. Za a kuma ce baki ba ya kashe kowa. Kano ta san ba haka ba ne: dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jitar da zafin gwajin maganin Pfizer na 1996 ya ƙara wa wuta, ya bar cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe kafin a dawo da allurar a 2004.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, kuma gwamnatocin Kano sukan yi tutiya da cika wannan mizani a takarda. Abin da ya kamata ɗan jarida ya tambayi kwamishina shi ne nawa aka saki a cikin abin da aka rubuta, mutum nawa ke da katin taimakekeniya a wajen ma'aikatan gwamnati, kuma in mai katin ya je asibiti, yana samun maganin ko ce masa ake yi ya ƙare.